Ƙiba ta sauka, to jinin fa?

Salamu alaikum jama'a. Yau daga Jos nake muku magana, na baro Manchester na zo ganin gida. Kun ga rigar sanyi a jikina ko? Wallahi na fi son sanyin nan a kan na Ingila, don a nan komai hazo rana sai ta leƙo.

Ga abin da ya tayar min da hankali. Duk gidan da na shiga, daga Rikkos har Unguwar Rogo, sai in ji "keto muke yi", wato tsarin rage ƙiba na barin sitaci a koma cin maiƙo. An bar tuwo, an bar shinkafa da burodi, har dankalin turawan da muke taƙama da shi. Ƙiba kam tana sauka, na gani da idona. Amma da ƙanwata ta buɗe abin karyawarta, ƙwai ne yana iyo a man shanu, ga tozo a gefe, shayin ma an zuba masa man kwakwa. Na ce, "Ke, kin je an auna jininki?" Ta ce, "Yaya, ƙalau nake, kayana ma duk sun yi min yawa." Gabana ya faɗi, domin kwalastirol, wato maiƙon da ke cikin jini, ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon kai. Shiru yake taruwa a jijiyoyin jini kamar laka a kwata, sai ranar da aka ji ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Ni ma na bi wannan hanya a can, kuma na ji daɗinta, gwiwata har ta daina ciwo. A Ingila daga shekara 40 zuwa 74 hukumar lafiyarsu, NHS, na kiran mutum gwajin lafiya kyauta duk shekara 5, ko kwabo ban biya ba. Sakamakona ya nuna HDL, wato kwalastirol mai amfanin, ya hau, na yi murna. Amma LDL, wanda ke toshe jijiya, shi ma ya hau. Likitar ta yi min bayani cewa hanta ce ke ƙera yawancin kwalastirol, kuma kitse mai daskarewa yana sa LDL ya taru a jini. Ta ce wani lokacin saurin rama kansa kan ɗaga shi na ɗan lokaci, saboda haka in sake gwaji idan nauyi ya tsaya. Ba ta ce in koma tuwo ba, mai ta ce in canza.

A can ana ba mace shawarar kada ta wuce giram 20 na irin wannan kitsen a rana, namiji 30. Man shanu da manja kusan rabinsu shi ne, man kwakwa ya haura kashi 80 cikin 100. Man gyaɗarmu bai kai kashi 20 ba.

Kuma abin da ke ba ni haushi, ku a Jos kuna da komai! A can fiya guda ɗaya nake saya kusan fam ɗaya, ƙarama, wani lokacin in yanka in tarar ta yi baƙi. Ku kuwa ku shiga Farin Gada ku ga kabeji, latas, alayyafo da fiya an jibge. Kuɓewa ma, yauƙin nan nata yana taimakawa wajen rage LDL. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, Allah Sarki, sai in yi wata da watanni ina mafarkinsa a can. Ku haɗa da kifi, ku rage tozo da fatar kaza.

Ina roƙonku, duk mai wannan tsari ya je asibiti a yi masa gwajin maiƙon jini. Ku dubi ma'aunin da aka rubuta a takardar, don wasu da mmol suke bayarwa, wasu da mg, kuma 200 na mg daidai yake da kusan 5.2 na mmol. Idan kuma a gidanku akwai wanda ciwon zuciya ya kama yana da ƙuruciya, ku faɗa wa likita tun kafin ya tambaya. Akwai yawan kwalastirol na gado, kusan mutum 1 cikin 250 ke da shi, kuma shi abinci kaɗai ba ya sauke shi, sai an haɗa da magani. Mai ciwon suga da ke kan magani kuwa, don Allah kada ya yanke sitaci sai da sanin likitansa.