Wutar Lantarki Daga Igiyar Ruwa: Me Ya Hana Ta Yaɗuwa?

Hajara: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau teku za mu nufa, ni da Aminu da Injiniya Sabi'u. Injiniya, rana tana faɗuwa, iska tana kwantawa, amma igiyar ruwa ba ta hutawa dare da rana. To me ya sa har yanzu ba a cika duniya da wutarta ba?

Sabi'u: Malama Hajara, ƙarfin da ke cikin teku ba a maganarsa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Matsalar ita ce ƙarfin yana zuwa ba ma'auni, yau kaɗan, gobe abin da zai karya ƙarfe.

Aminu: Ba mu misali, ranka ya daɗe.

Sabi'u: Ɗauki igiya mai tsawon mita 2, wadda ke zuwa duk bayan daƙiƙa 10. A kowace mita ta faɗinta akwai kimanin kilowat 20. Idan tsawon ya ninka, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Ranar guguwa kuwa, igiya ta kai mita 8 tana zuwa duk daƙiƙa 14, za ka ga ya haura kilowat 400. Injin da ka ƙera don cin abinci da 20, shi ne zai tsaya gaban 400 ɗin.

Aminu: Kai! Ashe dai ba a banza kamfanoni suka yi ta karyewa ba.

Sabi'u: Ka tuna Pelamis, wani kamfani mai ƙera injunan samar da wuta daga igiyar ruwa. A 2008 aka kai injuna uku gaɓar Aguçadoura a Fotugal, dogaye, ja, masu gaɓoɓi, kowane kilowat 750. Duniya ta yi ta yayata su. Cikin 'yan watanni aka janye su zuwa tashar jiragen ruwa saboda matsalar inji, masu zuba jarin kuma suka faɗa cikin rikicin kuɗi na shekarar. A 2014 kamfanin kansa ya durƙushe.

Hajara: Amma ni na karanta labarin Mutriku, kuma shi ne ya fi burge ni.

Sabi'u: Ni ma haka. Ƙaramin gari ne na masunta a yankin Basque na ƙasar Sifaniya. Dama za su gina katangar kare tashar jiragensu, sai suka saka ɗakuna 16 a cikin katangar, kowane buɗe ta ƙasa, ruwa na shiga. Igiya ta zo, ruwan ya hau, ya tura iskar ɗakin ta wata kafa a sama. Ta koma, ruwan ya sauka, ya zuƙo iskar ciki. Zugazugin maƙeri sak. A bakin kafar akwai farfela irin wadda Alan Wells ya ƙirƙira a Belfast, wadda duk ta inda iska ta bi, gefe ɗaya take juyawa. Janaretan yana sama, ruwan gishiri ba ya dukansa kai tsaye, kuma mai gyara da ƙafa zai tako ta kan katanga. Tun 2011 wannan tashar wutar take aiki.

Aminu: Nawa take bayarwa?

Sabi'u: Iyakar ƙarfinta kilowat 296.

Aminu: Haba Injiniya! Kainji fa megawat 760 aka gina ta, wato kilowat 760,000. Wannan ai ko unguwa babba ba za ta riƙe ba.

Hajara: Yaya Aminu, ba a gasa suke ba. Ni abin da nake dubawa shi ne ta wuce shekara goma tana cin dukan tekun Atilantika ba ta tsaya ba. A wannan fanni, wanda ya jure shi ake koyo a wurinsa.

Aminu: Na yarda da juriyar, amma kuɗin fa? Farantin sola ya yi arha, kowa na sa wa a rufinsa.

Sabi'u: A nan ka yi gaskiya, kuma ban ga alamar igiyar ruwa za ta kamo sola nan kusa ba. Inda za ta yi rana shi ne tsibirai da ke sayen dizal da tsada, da ƙasashen arewacin duniya inda teku ya fi tashi da hunturu, lokacin da rana ta yi ƙaranci.

Hajara: To ta yaya ake sanin wurin da ya dace?

Sabi'u: Da awo. Ana ɗaure wata ƙwallon ƙarfe da anga, tana hawa tana sauka da ruwa. A cikinta akwai na'urar da ke lissafa motsin, ta aiko da tsawon igiya, tazarar lokacinta, da inda ta fito. Ana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsawo, a fitar da matsakaicinsu, shi ne adadin da ake sanarwa. Awon shekara ɗaya ba ya isa, domin babbar guguwar da za ta karya maka inji wataƙila sai bayan shekaru take zuwa. Shi ya sa EMEC, cibiyar gwajin injunan samar da wuta daga teku, da aka kafa a tsibiran Orkney na Sikotland a 2003 take da daraja: ka kai injinka, ga waya a shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa, ga bayanan igiya na shekaru a ajiye.

Aminu: Awon nan ko ba wuta ai yana da amfani. Masunci zai san ko ya fita da kwalekwale, kuma wanda ya san yadda teku ya cinye gaɓar Bar Beach a Legas ba sai an yi masa bayani ba.

Hajara: A nan za mu dakata. Injiniya, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.