Salula da farashin hatsi: laccar da aka gabatar a Maraɗi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayenmu mata da ke can baya, kuna ji na? To madalla. Abu 3 na zo da su kan binciken da ake yi game da fasahar sadarwa da ci gaban ƙasashe irin namu: kasuwa, karatu, sai kuɗi ta waya.

Na farko, kasuwa. A 2007 wani masani, Robert Jensen, ya fitar da bincike kan masunta na Kerala a Indiya. Da salula ta iso musu, tun suna cikin teku suke tambayar inda kifi ke tsada, aka daina zubar da kifin da bai samu mai saye ba. To amma mu ba kifi gare mu ba, hatsi gare mu. Shi ya sa na fi son aikin Jenny Aker, wadda take jami'ar Tufts a Amurka lokacin da ta fitar da shi, don a nan Nijar ta yi shi. Daga 2001 zuwa 2006 rezo yana shiga kasuwanni ɗaya bayan ɗaya, wata ta samu, wata ba ta samu ba tukuna. Sai ta ɗauki farashin da SIMA, wato ma'aikatar da ke bin farashin amfanin gona a kasuwanni, ke tattarawa ta kwatanta. Abin da ta gani shi ne tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma ragin ya fi yawa inda kasuwannin ke nesa da juna.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. A da, falke a Maraɗi in yana son sanin kuɗin tiya a Dakoro, sai ya hau mota, ko ya jira direba ya dawo da labari, labarin ma ya kwana. Yanzu kira ɗaya. Wasu ma ba sa kira, bip suke yi su jira ka kira su. Alhaji na ga kana dariya, ban ambaci suna ba!

To ga inda nake so ku riƙe. Tazara ta ragu, e, amma wa ya ci? Wa ya ci? Aker da wani masani, Marcel Fafchamps, sun koma sun duba kuɗin da manomi ke karɓa, ba su ga ya ƙaru ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Manomi a ƙauyen Mayahi ya ji cewa buhu ya yi tsada a Jibiya ko Dawanau. Sai me? Ba shi da mota, bashin da ya ci a damina yana jiransa, kaka ta yi, dole ya auna wa wanda ya zo ƙofar gida. Sanin farashi bai biya masa bashi ba. Falke ne ke da mota da sito da jarin da zai jira bazara. Kuma kada mu manta, 2005 tana cikin shekarun nan, shekarar da yunwa ta ƙona yankin nan alhali hatsi na cikin kasuwa.

Na biyu... an miƙo mini takarda wai lokaci. Karatu ke nan: shirin ABC na yaƙi da jahilci a Dosso da Damagaram, an koya wa manya rubuta saƙo a salula, sakamakonsu ya fi na ajin da babu salula. A Peru kuwa an raba wa yara kwamfutocin shirin One Laptop per Child, wato kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, lissafi da karatu ba su motsa ba. Na huɗu, ko na uku ne?

[Wata mata daga baya: Malam, salular ai a aljihun maigida take kwana. Mu ina namu?]

Hajiya, kin kai ni inda za ni. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, jika 22 kowane wata har wata 5, kuma mata aka ba. Wasu hannu da hannu, wasu ta Zap, wato tsarin tura kuɗi ta salula, wasu hannu da hannu amma an haɗa musu da salula, don a gane ko wayar ce ke aiki ko hanyar biyan. Gidajen da suka karɓa ta Zap sun fi cin abinci iri-iri. Masu binciken suna ganin dalili biyu ne: ba doguwar tafiya da layi, sannan kuɗin na shigowa shiru, ba a gaban gari ba, matar ce ke fara sani kafin ta zauna da maigida. Amma wayar tata ce, ba ta aro ba. Maza na ga kun yi tsit. Shugaban taro, akwai sauran tambaya, ko mu tashi ga la'asar?