Fodkas: Ka soka allo a laptop shiru, laifin waye?

Habu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau dai maganar da ta cika grup ce, kowa na kuka ya sayi Arduino, wato ɗan allon lantarkin nan da ake loda wa program daga kwamfuta, ya soka a laptop shiru kamar an shuka dusa.

Sadiq: Bari in shigo tun nan. Yawancin allunan Arduino irin su Uno da Nano da ke hannun yaranmu kwafin China ne, kuma ba laifi bane don masu Arduino da kansu suka saki zanen allon kowa ya buga. Ka duba ɗan chip ɗin da ke kusa da bakin USB, wanda ke haɗa allon da kwamfuta, a Uno na asali ATmega16U2 ne, a kwafi kuma galibi CH340 ne, shi kuma wani lokaci Windows bata ganinsa sai ka sa mata direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane shi, kana sawa zaka ga COM, wato ƙofar da allon ke magana da kwamfuta ta ciki, ya fito a Device Manager na Windows shikenan, kyauta fa.

Zainab: To wanda ya sa direba kuma har yanzu shiru?

Sadiq: Kebul ne anti Zainab! Musamman masu NodeMCU, allon nan mai WiFi. Kebul ɗin USB na kirki waya huɗu ne a ciki, biyu na wuta biyu na data, amma na caji mai arha biyu kawai aka sa, sai fitilar allon ta kama ka ɗauka komai lafiya alhali ko harafi ɗaya bai wuce ba.

Habu: Ai kebul mai kyau baya kwana a gidanmu.

Zainab: Ƙannenka ne ko?

Habu: Har Hajiya! Ta ce nata ne tunda a ɗakinta ta gan shi.

Zainab: Ai Hajiya ta fi ka gaskiya, duk abin da ya kwana ɗakinta ya zama nata.

Habu: Har da cajata, har da filas ɗin shayi...

Sadiq: Ku bar Hajiya ta huta mana. Saura masu ƙananan allunan nan Pro Mini da ESP-01, waɗannan basu da USB sam, sai ka nemi ɗan adafta CP2102 ko CH340, ƙarami ne kamar filash. TX ɗinsa, wato ƙafar aika data, ya tafi RX na allo, ƙafar karɓa, RX ya tafi TX, GND da GND, wato negatif, dole su haɗu, kuma don Allah ka duba jumfa, ɗan abin zaɓen volt da ke jikin adaftan, ESP 3.3 volt yake ci, ka bashi 5 kana iya ƙona shi. Adaftan kamfanin FTDI kuma a kula, jabunsa sun yi yawa, a 2014 ma kamfanin ya saki direban da ya riƙa kashe jabun.

Zainab: Allon Raspberry Pi Pico fa? Dala 4 ya fito a 2021.

Sadiq: Shi ko adafta baya so, ka danne maɓallin BOOTSEL da ke jikinsa ka soka, sai ya fito kamar filash ka jefa fayil.

Habu: Mun ce zamu yi Bluetooth amma ga kiran magariba can, sai mako mai zuwa in sha Allah.