Makarantar Lahadi ba wurin ajiyar yara ba ce

An rubuto daga faifan laccar da wata tsohuwar malama ta gabatar a taron malaman makarantar Lahadi a Jos.

Baba Rabaran, dattawan ikilisiya, iyayena na ƙungiyar Zumuntar Mata, 'yan'uwana malamai, barkanmu da rana. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana kan tarbiyyar yara a cikin ikilisiya, ni kuwa da kasafin kuɗi zan fara, don a nan ake gane abin da mutane suka ɗauka da muhimmanci. Kowa ya tuna rahoton ma'aji na ƙarshen shekara a majami'arsu. Akwai kuɗin gini, kuɗin kayan kiɗa, man janareta, kuɗin tarbar baƙi. Na yara fa? Sau da yawa layi ɗaya ne can ƙasa, biskit da alewar Kirsimeti. Ba faɗa nake yi ba, Baba ma'aji, na ga kana murmushi.

Wannan aiki ba da raino ya fara ba. A 1780 wani mai gidan jarida a garin Gulosta na Ingila, Robert Raikes, ya ga yaran da ke aikin masana'antu kwana shida a mako suna gararamba ran Lahadi, sai ya ɗauki mata ya biya su su koya musu karatu. Ku lura, biyan su ya yi. Mu ma a nan hakan ne. Bayan ɗan mishan Karl Kumm da mutanensa sun sauka Wase a 1904, abin da ya zaunar da bishara a ƙauyukanmu shi ne ajin karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka buɗe makarantar Gindiri a 1934, mai bishara ya koma ƙauye da allo da alli. Kakanninmu, Birom da Angas da Tarok da Mwaghavul, da yawansu a ajin baftisma suka fara haɗa baƙi. Koyarwa ita ce gaba a lokacin.

Yau fa? Ku leƙa bayan majami'a da ƙarfe takwas na safe a watan Disamba, lokacin da sanyin Jos ke yanka kunne. Manya na ciki, tagogi a rufe, lasifika na tashi. Yara kuwa suna ɗakin da ba a gama gininsa ba, babu ƙofa, ɗan shekara uku da ɗan shekara goma sha biyu a benci ɗaya. A gabansu wata 'yar budurwa ce da ta gama sakandare bara, an ce mata je ki riƙe su, ba littafi, ba horo, sai tsumagiya a hannu. Wani yaro ya dunƙule naira hamsin ta baiko har ta jiƙe da gumi, hankalinsa na kan mai awara a bakin ƙofa. Za a rera waƙa biyu, a maimaita ayar haddacewa har muryoyi su dushe, a jira manya su tashi. Kada kowa ya ga laifin yarinyar nan, ita ce ma ta yarda ta zo.

Sai batun harshe, kuma a nan zan ɗan daɗe. A majami'u da yawa an raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa daga baya. Ajin yara duk ya koma Turanci. Ban ƙi Turanci ba, da shi na ci abinci shekaru. Amma yaro ya haddace aya tsaf, ka ce ya faɗa maka abin da take nufi, sai ya tsaya yana kallon ka. Ya koma gida Tudun Wada ko Gada Biyu, kakarsa na addu'a da Hausa ko da yarenta, waƙoƙin da ta sani bai sani ba, nasa ita ma ba ta sani ba. Gida ɗaya, bangaskiya ɗaya, amma ba sa iya rera waƙa tare. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Mu mun yanke wannan hanya da hannunmu, muna ganin ci gaba ne.

Shi ya sa nake roƙon iyayena na Zumunta. Mama, ku ne ke zuwa gaisuwar rasuwa, ku ke kai kunu asibiti, ku kuka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ko mutum biyu a cikinku su riƙa shiga ajin yara kowace Lahadi, su ba da labarin Yusufu da Hausa, su koya musu waƙa ɗaya. In yaro bai zo ba mako biyu, a tafi da ɗaya daga cikin 'yan ajinsu a dubo shi. Ta haka yaro ke koyon zumunci, ba a allo ba.

Maƙwabtanmu Musulmi suna tura yaransu Islamiyya kusan kullum da yamma, kuma iyaye ke biyan malamai. Mu awa ɗaya a mako, ita ma sai an yi latti. Tunda na ambace su, bari in ƙara wannan. Tun rikicin Satumbar 2001 unguwanni suka rabu. Mu da muka girma kafin nan mun ci naman Sallah a gidan maƙwabta, mun kai musu shinkafar Kirsimeti. Yaran da ke ajinku yau, wasunsu ba su taɓa taka Titin Bauchi, inda Musulmi suka fi yawa, da ƙafa ba, abin da suka sani game da mutanen can daga hirar manya suka tsinta. In kun zo labarin Basamariye mai tausayi, kada ku yi sauri ku wuce. Ku tambaye su wane ne maƙwabcinsu, ku saurari amsar da kyau, za ku ji abin da ake faɗa a gidajenmu.

Dattawa, ga buƙata ta gare ku. A kasafin baɗi a ware wa ajin yara kasonsa, a sa musu ƙofa da taga, a raba ƙanana da manya, a tura malamai horo da kuɗin ikilisiya. Rabaran kuma ya bar mumbari ga mataimakinsa sau ɗaya a wata uku, ya je ya zauna a bencin nan. Sakatare na nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.