Yadda Ake Sanya Sabon Shago a Taswirar Google

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Duk wanda ya taɓa buɗe sabon shago ya san wahalar da ke cikin yi wa mai saye kwatance ta waya, inda za a ce masa ya wuce gidan mai, ya karya kwana ta hannun dama, idan ya ga mai shayi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya sake kira. Sau da yawa kafin a kai ga kira na uku mutumin ya gaji, ya shiga shagon da ya fara cin karo da shi. A wannan bidiyo za mu bi hanyar da ake sanya sabuwar sana'a a taswirar Google, ta yadda duk wanda ya ɗauki wayarsa ya nemi tela ko kantin magani ko mai gyaran firji a kusa da shi, sunan shagonku zai iya fitowa tare da lambar waya, da lokutan aiki, da hanyar da za ta kawo shi har bakin ƙofa.

Sunan wannan tsari Google Business Profile, kuma kyauta ne, ba a biyan ko sisin kwabo. An fara shi a shekarar 2014 da sunan Google My Business, aka sauya masa suna a 2021, sannan a 2022 aka janye manhajarsa ta musamman. Na ambaci wannan ne saboda har yanzu akwai tsofaffin bidiyoyi da ke cewa a sauke waccan manhaja, alhali yanzu ana gudanar da komai ne daga cikin manhajar Google Maps ko daga shafin binciken Google kansa.

Kafin a taɓa komai, akwai batun akawun ɗin Gmail da za a yi rajistar da shi, kuma a nan ne mutane da dama suke yin kuskuren da ke cizonsu daga baya. Mai shago yakan miƙa aikin ga yaron shagonsa, ko ga wani mai kwamfuta a bakin titi, shi kuma ya yi amfani da nasa akawun. Ranar da yaron ya bar aiki ko aka samu saɓani, shafin shagon ya tafi tare da shi, kuma karɓo shi yana buƙatar aika buƙata da jira na kwanaki. Saboda haka ku yi rajistar da akawun ɗinku, wanda lambar wayarku ce a kansa. Idan kuna son wani ya riƙa taya ku kula da shafin, akwai wurin da ake ƙara shi a matsayin manaja da nasa akawun, ba tare da kun ba shi kalmar sirrinku ba, kuma kuna iya cire shi duk ranar da kuka ga dama.

Mataki na farko shi ne ku buɗe Google Maps ku rubuta sunan shagon, domin ku tabbatar wani bai riga ya sanya shi ba, tunda kowane mai amfani da taswirar yana iya ƙara wuri. Idan kun same shi, sai ku nemi mallakarsa maimakon ku buɗe na biyu, domin shafi biyu ga shago ɗaya yana raba ra'ayoyin masu saye gida biyu, kuma yana iya jawo a dakatar da ɗaya. Idan babu shi, sai ku shiga business.google.com ku fara cike bayanai kamar yadda kuke gani a kan allo.

Abu na farko da za a tambaye ku shi ne sunan sana'a. Ƙa'idar Google a nan a bayyane take: sunan da ke rubuce a allon shagonku da rasit ɗinku, shi za ku rubuta, babu ƙari babu ragi. Akwai masu cusa kalmomi irin su "mafi araha a Kano" ko lambar waya a cikin sunan, da tunanin hakan zai ɗaga su sama. Wataƙila su ci ribar 'yan makonni, amma ya saɓa ƙa'ida, kuma maƙwabcin da kuke gasa da shi yana iya kai rahoto a gyara sunan ko a rufe shafin gaba ɗaya.

Daga nan sai nau'in sana'a. Ba ku ne za ku ƙirƙira shi ba, za ku zaɓa ne daga jerin da Google ya tanada, kuma a yawancin wayoyinmu jerin da Turanci yake. Ana zaɓar babban nau'i guda ɗaya, sannan ana iya ƙara wasu har tara. Babban nau'in nan yana da nauyi sosai wajen tantance binciken da shagonku zai fito a ciki, don haka ku zaɓi wanda ya fi kusa da ainihin abin da kuke yi. A ɗauka wata baiwar Allah ta buɗe shagon ɗinki a Hotoro, tana kuma sayar da atamfa da leshi a gefe. Idan ɗinkin ne ke kawo mata kuɗi, to tela ne babban nau'inta, sayar da yadi kuma ya zo a matsayin ƙari. Ba na ba da shawarar a cike guraben tara ɗin don kawai suna nan.

Yanzu mun zo wurin da ya fi kowane muhimmanci a garuruwanmu, wato adireshi. Tsarin an gina shi ne bisa tunanin kowane titi yana da suna, kowane gini yana da lamba, alhali unguwanni da yawa a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba haka suke ba. Ku rubuta abin da kuke da shi na gaskiya: lambar shago idan akwai, sunan titi ko layi, unguwa, gari da jiha. Wanda ke cikin babbar kasuwa irin Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya sa sunan gidan da yake ciki da lambar shagonsa, domin sunan kasuwar kaɗai ba ya kai baƙo ko'ina. Bayan haka taswira za ta fito da wata jar alama, kuma wannan alamar ce direban adaidaita sahu ko mai kawo saƙo zai bi, ba rubutun adireshin ba. Kada ku amince da inda na'urar ta ajiye ta da kanta, domin takan jefa ta tsakiyar unguwa ko kan wani layi na baya. Ku tsaya a bakin ƙofar shagon da wayarku, ku kunna wurin da take nuna inda kuke, ku juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan Adam, ku buɗa ta har sai kun gane rufin kwanon gininku, sannan ku ja alamar ku ɗora ta daidai ƙofar shiga. Bambancin taku hamsin kawai yana iya sauke mutum a ɗaya hannun titi mai shinge a tsakiya, ya zama sai ya zagaya har shataletale kafin ya dawo. Akwai kuma wata gajeriyar lamba ta haruffa da alƙaluma da Google ke bai wa kowane wuri a duniya, mai suna Plus Code, wadda aka yi ta musamman don wuraren da ba su da adireshi. Idan kuka danna kan alamar za ku gan ta, kuma ana iya tura wa mutum ita ta WhatsApp.

Ba kowace sana'a ce ke da shagon da ake zuwa ba. Mai gyaran famfo, da mai haɗa sola, da matar da ke yin cincin da dubulan a gida tana aikawa, duk suna iya yin rajista a matsayin masu kai aiki wurin mai saye. Su za su ɓoye adireshinsu, su lissafa yankunan da suke kaiwa, har guda 20, kuma Google yana so kada iyakar yankin ta wuce tafiyar kusan awa biyu a mota daga inda suke. Ga matan da ke sana'a a cikin gida wannan zaɓi ne ya dace, domin babu dalilin da zai sa ƙofar gidan aure ta zama alama a taswirar da kowa ke gani.

Lambar waya ta kasance wadda ake ɗagawa a kullum. Gurbin shafin intanet kuwa ana iya barinsa idan babu. Lokutan aiki su ma ku rubuta na gaskiya, kuma ana iya raba yini gida biyu, misali ranar Juma'a a nuna an rufe daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana saboda masallaci. Akwai gurbin ranaku na musamman, inda za ku nuna hutun Sallah ko sauyin lokaci a watan azumi. Wanda bai buɗe shagon ba tukuna yana iya saka ranar buɗewa, shafin kuma ya fara bayyana kwana 90 kafin ranar.

Duk abin da kuka cike ba zai zama a hannunku ba sai an tantance cewa sana'ar tana nan kuma ku ne masu ita. Google ne ke zaɓar hanyar tantancewa, ba ku ba. Wasu ana aika musu lamba ta saƙon waya ko imel, wasu ta wasiƙar gidan waya, amma abin da aka fi nema daga sababbin sana'o'i a yanzu shi ne bidiyo. Bidiyon ana ɗaukarsa ne kai tsaye daga cikin shafin rajistar, a ɗauka ɗaya ba tare da yankewa ba, kuma kada ya gaza daƙiƙa 30. Abubuwa uku ake son gani a cikinsa. Ku fara daga waje, ku nuna titi da shagunan maƙwabta da duk wani allo mai sunan layin, domin a gane wurin ya dace da alamar da kuka dasa. Sannan ku nuna allon shagonku a fili yadda sunan zai karantu, ku shiga ciki ku nuna kayan aiki, wato kekunan ɗinki da teburin yanka idan tela ne. A ƙarshe ku nuna abin da mai wucewa ba zai iya yi ba, kamar buɗe kwaɗon ƙofa da makullinku, ko shiga ɗakin ajiya, ko buɗe aljihun teburin kuɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauka da safe lokacin buɗe shago, haske ya wadata, kuma buɗe kwaɗon ya shiga ciki da kansa. Ku kauce wa nuna fuskokin mutane da takardun da ke ɗauke da lambar asusun banki. Dubawar takan ɗauki har kwanakin aiki biyar, kuma a tsawon wannan lokaci kada ku sauya suna ko adireshi. Idan ba ku riga kun kafa allo ba, ku je wurin mai fenti tukuna, domin takardar da aka liƙa da salatif a bango ba kasafai take wucewa ba.

Bayan an amince, sai ku ɗora hotuna na gaskiya, musamman hoton gaban shagon kamar yadda mai zuwa daga titi zai hange shi, ku kuma rubuta taƙaitaccen bayanin sana'ar, wanda ba ya wuce haruffa 750.

Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera shaguna: dacewar sana'ar da abin da aka nema, kusancinta da mai neman, da kuma yadda aka san ta. Kusanci ba ya hannunku, dacewa kun gina ta da nau'in da kuka zaɓa, sanuwa kuma ra'ayoyin masu saye suna cikin abin da ke gina ta. Halas ne ku roƙi wanda ya ji daɗin aikinku ya rubuta ra'ayinsa, akwai ma mahaɗin da shafin ke ba ku don turawa. Abin da aka hana shi ne sayen ra'ayi, ko yin ragi a madadinsa, ko tara 'yan uwa su zuba taurari biyar a yini ɗaya, wanda na'urar kan gane ta share. Idan wani ya rubuta ƙorafi, ku amsa masa cikin ladabi a taƙaice, domin masu karanta amsar sun fi shi yawa.

Da zarar lambarku ta bayyana a taswira, kuna iya samun kira daga masu cewa daga Google suke, suna neman kuɗi ko lambar da aka turo muku, wai idan ba haka ba za a rufe shafin. Google ba ya karɓar kuɗi don wannan rajista, kuma lambar tantancewa ba a karanta wa kowa ita. Idan kuwa aka dakatar da shafin da gaske, za ku ga sanarwar a cikin akawun ɗinku tare da hanyar ɗaukaka ƙara, inda ake karɓar shaidu irin su takardar rajistar sana'a ta hukumar CAC a Nijeriya, ko takardar kuɗin wutar lantarki mai ɗauke da suna da adireshin shagon. Ku ɗauki hoton waɗannan takardu ku ajiye a wayarku tun kafin ku fara cike ƙarar, kuma ku duba cewa sunan da ke jikinsu ya zo ɗaya da wanda ke kan allon shagon da wanda kuka rubuta a shafin.