Yadda Yaro Mai Son Karatu Ke Zama Marubuci

Jama'a, assalamu alaikum. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa bayan 1980 ya samu marubuta da yawa ne daga cikin masu karatunsa, yaran da ke zuwa shagon hayar littattafai na unguwa, su biya 'yan kuɗi, su cinye littafi a dare ɗaya, gobe su dawo neman na biyu.

To me ke faruwa da irin wannan yaro? Kunnensa ne ke fara koyo. Yana gane yadda ake buɗe labari, inda ake ɓoye sirri, da yadda maganar attajiri ta bambanta da ta ɗan dako. Can sai ya fara ba ƙannensa labarin da baki, yana ƙara gishiri. Wannan ƙarin shi ne ƙirƙirarsa ta farko. Ranar da kuka ji ya ce, "Da ni ne, ba haka zan ƙare shi ba," ku saya masa biro da littafin rubutu mai fallaye 40.

Kafin nan, minti 15 bayan isha'i sun isa. Ku karanta masa a bayyane, ku tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, ku tambaye shi me zai biyo baya. In kalmomi biyar sun gagare shi a shafi ɗaya, littafin ya fi ƙarfinsa, a canza. Akwai Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello, akwai kuma shagunan littattafai na Sabon Gari.

Inda iyaye suka fi ɓata abin shi ne gyara. Yaro ya kawo shafi uku yana murna, sai a bi shi da jan biro: ya rubuta "ya na" maimakon "yana", ya manta lanƙwasar ƙ da ɗ. Daga ranar zai ɓoye littafin, kuma wannan asara ce babba. A bari ya kai ƙarshen labarin, sannan a ɗauki ƙa'ida ɗaya a mako.

Kwaikwayon marubucin da yake so kuwa ba laifi ba ne a farko. Sai dai ku karkato shi zuwa abin da idonsa ya gani: mai shayin bakin layi, ɗan garuwa yana tura kura, marina a Ƙofar Mata. Ku ce ya rubuta abin da suka faɗa, yadda suka faɗe shi.