Awa 200 ba ta isa a kira mutum malamin yoga ba: labarin Indra Devi daga Maisur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga birnin Maisur nake magana da ku, a jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, kuma gara in faɗa muku tun farko cewa raina a ɗan ɓace yake, kada ku ji muryata ta yi kaushi ku ɗauka wani abu ne ya same ni. Wata Baturiya ce da muke haya gida ɗaya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da sassafe, tana riƙe da takarda mai ruwan zinare a gefe, bakinta har kunne, ta ce mini daga yau ita malamar yoga ce, wato motsa jikin nan na Indiya da ake haɗawa da sarrafa numfashi. Wannan yarinya a gabana ta sauka garin nan watan jiya, kuma da idona na ga yadda take nishi idan ta sunkuya za ta ɗaure igiyar takalmi. Ta biya sama da dala dubu ɗaya, an ƙirga mata awa 200, an miƙa mata shaida, har tana gaya mini cewa idan ta koma gida za ta haɗa da koyar da rawar Indiya, tunda ta leƙa 'yan darussan yamma. Na yi mata barka yadda ya kamata, amma ni da na kwashe shekaru ina karatun gashin ƙashi, kuma har yau ba a yarda in taɓa gwiwar majinyaci ba sai da malami tsaye a kaina, abin ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa na hau keke-napep na taho nan, kuma ko cinikin da na saba yi da direba ban tsaya yi ba. Wannan farin ginin da kuke gani a bayana shi ne fadar Jaganmohan, wadda aka gina a 1861. Yanzu gidan ajiye zane-zane ne, akwai kuma babban zaure a gabansa inda ake yin wasannin rawa da kiɗa. A wani sashe na wannan fada ne Sarkin Maisur, Krishnaraja Wadiyar na huɗu, ya ba wani malami mai suna Tirumalai Krishnamacharya wuri ya buɗe makarantar yoga a 1933. Akasarin yogar da ake yi yau a Landan da Dubai da Niyok, idan aka bi salsalarta, nan za ta dawo. Shahararren malamin yoga B.K.S. Iyengar, wanda ƙanin matar malamin ne, a nan ya koya, haka ma takwaransa Pattabhi Jois, wanda saboda shi ne har gobe Turawa suke cika unguwar Gokulam, suna sa kuɗin haya yana tashi a kan mu ɗalibai.

Wadda nake so in ba ku labarinta mace ce, kuma mai rawa ce kafin ta zama malamar yoga. Sunanta na yanka Eugenie Peterson, an haife ta a 1899 a birnin Riga, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, yau kuma shi ne babban birnin Latbiya. Mahaifinta ɗan asalin Suwidin ne mai aikin banki, mahaifiyarta kuma 'yar manyan gida ce ta Rasha da ta shiga wasan kwaikwayo. Juyin juya halin 1917 ya tarwatsa musu rayuwa, daga baya ita da mahaifiyarta suka tsinci kansu a Balin ta Jamus, inda ta shiga wata ƙungiyar 'yan wasan Rasha masu gudun hijira, suna yawon biranen Turai suna rawa da wasa a kan dandamali don su ci abinci. A 1926 ta halarci wani taro a garin Ommen na ƙasar Holan, ta saurari malamin falsafa ɗan Indiya Jiddu Krishnamurti, kuma shekara na zagayowa, a 1927, ta hau jirgin ruwa zuwa Indiya.

Ku da kuka tashi da kallon finafinan Indiya kamar ni, ga abin da zai ba ku mamaki. Da ta zauna a ƙasar nan sai ta koyi rawar gargajiya a wurin wata fitacciyar mai rawa, Enakshi Rama Rau, ta ɗauki sunan Indra Devi, kuma a 1930 ta fito a fim tare da Prithviraj Kapoor, wato mahaifin Raj Kapoor, kakan Rishi Kapoor. A shekarar ce kuma ta auri Jan Strakaty, jami'in kasuwanci a ofishin jakadancin Chekoslobakiya da ke Bombay, ta koma rayuwar liyafa da manyan baƙi. Ciwon zuciya da ya dame ta na tsawon shekaru ne ya juya hankalinta zuwa yoga.

Da ta zo wurin Krishnamacharya, kai tsaye ya ce ba zai koya mata ba, domin mace ce, kuma baƙuwa ce, shi kuwa yara maza yake horarwa. Sai da Sarki da kansa ya sa baki, tunda baƙuwarsa ce, sannan malamin ya karɓe ta ba da son ransa ba. Ba zan ɓoye muku ba, hanya ce ta yi mata aiki a nan, domin da 'yar talaka ce da ko ƙofar fadar ba za ta wuce ba. Sai dai abin da ya biyo baya ba Sarki ne ya yi mata shi ba. Malamin ya gindaya mata sharuɗɗan da yake zaton za su kore ta: ta bar nama, ta bar shayi da kofi, ta bar farin sukari da farar fulawa, ta riƙa tashi da asuba, ta yi abin da aka ce ba tare da gardama ba. Matar da ta saba da teburin jakadu ta jure wannan wata da watanni a 1938, tana gab da shekara arba'in. Da ya ga ba ta gudu ba, sai ya fara koya mata da kansa, har da dabarun sarrafa numfashi, kuma da lokacin tafiyarta ya yi, shi ne ya umarce ta da ta je ta koyar. Izinin daga bakin malami ya fito, bayan ya gwada ta ya gamsu.

A ganina, rawar da ta yi tun tana budurwa ce ta sa ta iya ɗaukar wannan horo, kuma na fahimci haka ne bayan na zauna na kalli yadda ake koyar da Bharatanatyam, rawar gargajiya ta kudancin Indiya, a garin nan. Malamar tana zaune a ƙasa da ɗan guntun katako a gabanta da sanda a hannu, tana bugawa tana ƙirga kiɗan da baki. Yaran suna tsaye a wani irin rabin tsuguno, gwiwoyi a buɗe zuwa gefe, baya a miƙe, suna dukan siminti da tafin ƙafa, kuma taku ɗaya za a yi ta maimaitawa har cinyoyinsu su fara rawa don kansu, gumi yana ɗiga daga haɓa. Ba a ɗaura wa yarinya ƙararrawar ƙafa ranar da ta fara zuwa, kuma sai ta yi shekaru masu yawa kafin malamarta ta amince ta hau dandamali ita kaɗai a bikin da suke kira rangapravesha, wanda iyaye suke kashe masa kuɗi kamar na aure. Ranar da na fara jin ƙarar waɗannan ƙararrawa sai da idona ya cika, domin akayau ɗin 'yan koroso na tuna, kuma ina faɗa da bakina cewa abin da samarinmu suke yi da jikinsu a koroso, na lanƙwasa da alkafura, da yawa daga masu takardar yoga a nan ba za su iya rabinsa ba. Bambancin kawai shi ne a nan ana durƙusawa a taɓa ƙafar malamin rawa, a wajenmu kuwa sai a liƙa masa kuɗi a goshi, gari na wayewa a hana shi auren 'yar gida.

A 1939 aka mayar da mijinta Shanghai ta ƙasar Sin, ta bi shi ta buɗe aji a can, ta ci gaba da koyarwa cikin shekarun yaƙin duniya na biyu. Bayan rasuwarsa a 1946 ta nufi Amurka, kuma a 1948 ta buɗe wurin koyar da yoga a Holiwud, inda taurarin fim irin su Gloria Swanson da Greta Garbo suka zama ɗalibanta. Daga nan labarin yake ɗan yi mini ɗaci, domin ita ce ta tausasa abin don ya shiga kasuwa. Ta rage tsananin da ta sha a Maisur, ta gabatar da yoga a matsayin maganin gajiya da damuwa da hanyar riƙe ƙuruciya, har littafinta na 1953 ma da alƙawarin dawwamar ƙuruciya da lafiya aka sa masa suna. Ba na zarginta, tunda matan Amurka na wancan zamani ba za su bar kofi saboda wani malami ba, amma kasuwar da take ba ni haushi yau, da hannunta aka kafa rumfar farko. Ta kai yoga Tarayyar Sobiyat a 1960, ta buɗe cibiya a Tecate ta ƙasar Meziko inda take horar da malamai, sannan a 1985 ta koma Ajantina da zama. A birnin Buenos Aires ta rasu a watan Afrilun 2002, tana da shekara 102, saura 'yan makonni ta cika 103.

To, ita wannan awa 200 daga ina ta samo asali? Wata ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka, Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, ta sa wannan ma'auni. Ba hukumar gwamnati ba ce, ba ta kuma yi wa kowa jarrabawa da kanta, rajista take yi wa makarantu da waɗanda suka gama, a biya ta kuɗin shekara. Gwamnatin Indiya tana da nata tsarin a ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH da ke kula da yoga da magungunan gargajiya, tsari mai matakai da jarrabawar rubutu da ta aiki, amma baƙi ba su cika bin ta nan ba domin ana iya faɗuwa. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, aka fara bikin a 2015, makarantun wata guda suka ƙara yawa a Maisur da Rishikesh da Gowa, kowacce da hoton mace a kan dutse tana tsaye da ka.

Wannan tsayuwa da ka ita ce abin da zan fi ja muku kunne a kai, musamman ku 'yan'uwana mata da kuke turo mini saƙo cewa kuna so ku zo ku koya ku buɗe wurin motsa jiki. Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne, ƙanana, an halicce su don ɗaukar kai ne kawai, kuma idan aka jibga musu nauyin jiki gaba ɗaya ba tare da kafaɗu da hannuwa sun yi ƙarfi ba, jijiya tana iya matsewa. A asibitin da muke koyon aiki na ga baƙi sun shigo da wuya a sandare, na ga wanda ya yaga guringuntsin gwiwa saboda an danna masa ƙafa da ƙarfi don ya yi zaman harɗe irin na hoto. Kada ku bar kowane malami ya hau bayanku ko ya murɗa muku gaɓa, komai yawan mabiyansa a Instagram, kuma mace ta nemi ajin da mace take koyarwa, akwai su. Mai hawan jini da mai ciwon ido na hawan ruwa da mai juna biyu, su fara ganin likita kafin su kifa kansu ƙasa. Wadda ta zo da bizar yawon buɗe ido kuma ta sani cewa ba a yarda ta yi aikin kuɗi da ita ba, ko da makarantar ta ce za ta ba ta aji ta koyar.

Idan kuma nufinki ki haɗa rawa da yoga ki mai da su sana'a, ki sa a ranki cewa kowannensu shekarunsa yake ci daban. Malamar rawar da nake zuwa kallo ta fara tun tana yarinya ƙarama, ta yi jarrabawar rawa mataki-mataki ta jihar Karnataka, ta yi shekaru tana taimaka wa malamarta da ƙananan yara kafin ta buɗe nata aji a soron gidansu, kuma yoga ta koya ne daga baya don ta ceci gwiwoyinta da bayanta. Abin da take karɓa a wata daga ɗaliba ɗaya bai kai abin da Turawan Gokulam suke kashewa a cin abincin rana na mako ba.

Saura maganar addini, wadda na san ita ce a bakin da yawanku. Yoga daga cikin al'adar Hindu ta fito, kuma ajujuwa da dama a nan da karanta addu'o'i cikin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ake buɗe su, akwai kuma jerin motsin da sunansa ma gaisuwa ga rana ne. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi irin waɗannan karance-karance, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta yi makamancin haka, amma ta bar ƙofa ga wanda motsa jiki zalla yake yi. Ni ba malama ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da nake yi dai shi ne, kafin in ajiye ko rupi ɗaya, sai na roƙi a bar ni in zauna in kalli aji guda daga farko har ƙarshe, in tambayi abin da ake karantawa da ma'anarsa, in tambayi ko an yarda mutum ya yi shiru ya tsaya gefe. Wata makaranta da na je, mai karɓar kuɗin ta ce mini kallo ma sai na biya, kuma karatun dole ne ga kowa, sai na yi mata godiya na saka takalmina na fito.